Karin Kumallon Ingila Da Na Amurka: Daga Teburin Jirgin Ruwa Zuwa Kasuwar Dandume

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi ya sa kowace al'umma take da abin da ta amince da shi wajen karya kumallo, kuma ba ta cika yarda a sauya mata shi ba. Babu inda wannan ɗabi'a ta fi fitowa fili kamar a cikin manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban suke kwana wuri guda, su wayi gari kowa yana neman abin da cikinsa ya saba da shi. Mutanen Ingila da na Amurka harshensu ɗaya, tarihinsu kuma a sarƙe yake, amma da zarar gari ya waye sai ka tarar kowa da farantinsa.

Mai karatu zai iya tambayar ina ruwan ɗan kasuwar Funtuwa ko ma'aikacin sakatariyar Katsina da abin da Turawa suke ci a tsakiyar teku. Amsar ita ce farantan nan biyu sun daɗe da saukowa daga jirgi suka hau teburinmu. Shayi da burodin da muke kira namu daga ɗaya muka gaje su, garin masarar kwali da yara suke sha da madara kuma daga ɗayan. Kowannensu yana da hanyar da kuɗinmu yake bi, kuma hanyar ta ratsa ta gonakin kudancin Katsina.

Jirage biyu, ubangida ɗaya

Kamfanin Cunard na Ingila ya fara jigilar fasinja tsakanin Liverpool da Amurka a shekarar 1840, kuma har yau jirginsa mai suna Queen Mary 2 yana ratsa tekun Atilantika daga Southampton zuwa New York cikin kwana bakwai. Akwai kuma P&O, wanda akasarin fasinjojinsa 'yan Birtaniya ne. A ɗaya ɓangaren, kamfanonin Carnival da Royal Caribbean suna da mazauni a birnin Miami na Amurka. Jirgin Royal Caribbean mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Gari guda ne sukutum yake tafiya a kan ruwa, kuma dole a ciyar da shi kowace safiya.

Abin lura a nan shi ne, Carnival na Amurka ya sayi Cunard a 1998, sannan P&O ya shigo hannunsa a 2003. Duk da haka sabon ubangidan bai kuskura ya taɓa karin kumallon jiragen Ingila ba, domin ya san ranar da Baturen Ingila ya rasa shayinsa, ranar ce zai nemi wani jirgin. A ɗakunan kwana na jiragen P&O akwai butar dafa ruwa da ganyen shayi, alhali a yawancin jiragen da suke tashi daga Miami babu ita. A jiragen Cunard kuwa, da misalin ƙarfe uku da rabi na yamma ake zaman shan shayi, masu hidima sanye da farar safar hannu.

Abin da ke cikin farantin Ingila

Cikakken karin kumallon Ingila abinci ne na gishiri da maiƙo, mai nauyi a ciki. Akan zuba soyayyen ƙwai, da yankan naman alade da aka jiƙa da gishiri, da sosej, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji, da dafaffen wake a cikin romon tumatir, da gasasshen tumatir, da laimar kwaɗi irin wadda ake ci. A gefe kuma ga gasasshen burodi da bota, da wani jam mai ɗan ɗaci da ake yi da ɓawon lemo. Akwai kuma wani baƙin curi da suke yi da jinin alade da kitse da hatsi. Abin sha shi ne baƙin shayi da aka zuba wa madara.

Wanda bai son wannan zai iya neman banɗaɗɗen kifi, ko kunun hatsin ot mai kauri wanda mutanen Sikotilan suka shahara da shi, shi ne muka fi sani da sunan kamfanin Quaker. Akwai ma dafa-dukan shinkafa da kifi da ƙwai da suka koyo a Indiya zamanin da suke mulkinta. Wannan tsari ya daɗe a teku: takardar abincin fasinjoji masu aji na uku a jirgin Titanic, wanda ya nutse a watan Afrilun 1912, ta nuna cewa da safe an ba su kunun ot da madara, da banɗaɗɗen kifi, da dankalin Turawa, da ƙwai, da burodi da bota, da shayi.

Abin da ke cikin farantin Amurka

Ba'amurke kuwa zaƙi yake nema da sassafe. Babban abincinsa shi ne wata waina mai faɗi da taushi da ake yi da fulawa da madara da ƙwai, a jera uku ko huɗu, a ɗora bota, a kwarara wani ruwa mai kama da zuma wanda ake tatsa daga itacen mafal. Sai an dafa kusan lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita ɗaya, kuma mafi yawansa daga lardin Quebec na Kanada yake fitowa. Daga sunan wannan waina a Turanci ne Hausawa suka sami kalmar fanke, ko da yake namu fanken ya kama tasa hanyar.

Shi ma Ba'amurke yana cin naman alade, amma nasa daga tumbi ake yanko shi siriri, a soya har ya yi ƙayau, saɓanin na Ingila da ake yankowa daga gadon baya, mai tsoka. A maimakon wake, gogaggen dankalin Turawa yake soyawa. Mutanen kudancin Amurka suna dafa tsakin masara da ruwa ko madara su sa bota, abin da duk wanda ya san faten tsaki na ƙasar Zazzau zai gane danginsa, sai dai nasu babu rama babu gyaɗa. Abin sha shi ne gahawa, wadda mai hidima zai yi ta ƙara maka ba tare da ka nema ba, da ruwan lemon zaƙi mai sanyi. Sannan ga kwalaye jere na hatsin da aka sarrafa, a zuba a kwano a tsiyaya madara mai sanyi a sha.

Hatta kalmomi sukan rikita baƙo. Abin da Baturen Ingila yake kira biskit shi ne wanda muka sani, busasshe mai zaƙi. A wurin Ba'amurke kuwa biskit wani ɗan curin burodi ne mai taushi da ake ci da farin romon nama.

Ina bambancin ya samo asali?

Shayi ya zama abin sha na kowa a Ingila bayan da gwamnati ta zaftare harajinsa a 1784, daga kashi 119 cikin 100 zuwa kashi 12 da rabi. Daga baya suka kafa gonakinsa a Assam ta Indiya, sukari kuma yana zuwa musu daga gonakin rake na tsibiran Karebiyan da bayi suka noma. Da masana'antu suka bunƙasa, shayi mai sukari da burodi ya zama abin da lebura zai haɗiya cikin hanzari ya kama hanyar aiki. Su kuwa Amurkawa, a watan Disambar 1773 mutanen Boston suka zubar da akwatunan shayin Ingila a teku don nuna adawa da harajin da aka ɗora musu, daga nan shan shayi ya zama alamar biyayya ga sarkin Ingila, gahawa ta fara samun shiga, musamman da yake ƙasashen da suke nomanta, irin su Brazil, suna nahiyar Amurka tare da su.

Sauran farantin Amurka kuwa gona da talla ne suka gina shi. Ƙasa ce mai rarar masara da alkama, kullum ana neman hanyar sayar da su. Wani likita mai suna John Harvey Kellogg, a garin Battle Creek na jihar Michigan, shi da ƙanensa Will suka gano hanyar murje dafaffen hatsi ya zama ɓararraki masu ƙayau a 1894, ƙanen kuma ya kafa kamfani a 1906 yana sayar da Corn Flakes na masara. Manoman lemo na Kalifoniya, da lemo ya yi musu yawa, suka shiga tallata shan ruwansa tun daga 1916. A shekarun 1920 wani gwanin talla, Edward Bernays, ya tattaro ra'ayin likitoci cewa karin kumallo mai nauyi ya fi lafiya, domin kamfanin da ya ɗauke shi aiki ya sayar da naman alade. Hatta waken gwangwanin da Ingila take tinƙaho da shi, kamfanin Heinz na Amurka ne ya kai musu shi, kuma har gobe daga Arewacin Amurka ake shigo da mafi yawan ƙwayar waken. Ashe abin da mutane suke ɗauka al'adar kaka da kakanni, sau da yawa wani ɗan kasuwa ne ya zauna ya tsara shi.

Hattara ga matafiyi Musulmi

Ga 'yan kasuwa da ma'aikatanmu masu fita waje, ko masu sauka a manyan otal na Abuja da Legas inda ake jera irin waɗannan farantai, ya kamata a san cewa naman alade yana tsakiyar dukkan biyun. Sosej ɗin da ba a faɗi namansa ba, a can galibi na alade ne. Baƙin curin nan na Ingila jini ne, farin romon Amurka kuma da kitsen sosej ake yinsa. Ƙwai da dankali ma akan soya su a kasko ɗaya da naman. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne dafaffen ƙwai, da kifi, da kunun ot, da burodi, da 'ya'yan itace, ko a nemi a soya ƙwai a kasko na dabam. Kamfanonin jirage suna karɓar buƙatar abinci na musamman idan aka sanar da su tun lokacin yankan tikiti. A ƙarshen 2024 kuma Saudiyya ta ƙaddamar da nata jirgin shaƙatawar mai suna Aroya daga Jidda, wanda aka tsara domin iyalan Musulmi.

Yadda farantin Ingila ya iso ƙasar Hausa

Ta teku ya zo. Jiragen kamfanin Elder Dempster ne suka riƙa kai-komo tsakanin Liverpool da Legas, ɗauke da jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwa da ɗalibai, tafiyar kusan mako biyu. Ta jirgin ruwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya isa Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa Makka. Jirgin fasinja na ƙarshe a wannan layi, Aureol, ya yi aiki daga 1951 zuwa 1974. Daga Legas kuma layin dogo ya ɗauko kayan Turawa zuwa Arewa, kuma reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ta Funtuwa ya bi. Auduga da gyaɗa suna gangarawa kudu, sukari da madarar gwangwani da ganyen shayi suna haurowa zuwa kantunan Turawa. Makarantun kwana da barikin soja da gidajen ma'aikata suka ƙarasa aikin.

Kalmar shayi kanta daga Larabci take, domin Larabawan Turabulus da Buzaye sun riga Turawa kawo mana shi ta hamada. Amma shayin da ake haɗawa da madara a babban kofi a ci da burodi da ƙwai, salon Ingila ne. Mai son ya tabbatar da tasirin mulkin mallaka a kan karin kumallo, ya tsallaka daga Jibiya zuwa Maraɗi: can zai tarar da dogon burodin Faransa mai ɓawo da gahawa mai madara, a tsakanin Hausawa 'yan uwanmu.

To sai dai burodin da Ingila ta koya mana, da alkamar wasu muke yinsa. Kamfanin Flour Mills of Nigeria ya fara niƙa a Apapa a 1962, kuma shekaru da dama daga Amurka mafi yawan alkamar take zuwa. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, da ita ake alkaki da funkaso da gurasa tun kafin zuwan Turawa, amma tana son sanyin hunturu da ban-ruwa, shi ya sa nomanta ya taƙaita a wurare irin su Kadawa da kwarin Haɗejia da Bakolori. A 1985 wasu masana biyu 'yan Sweden, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi suna kiran lamarin tarkon alkama. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da ita a 1987, amma kafin ƙarshen 1992 ta janye hanin. Yau Najeriya tana shigo da miliyoyin tan a kowace shekara, fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da take ci. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine a 2022, da kuma lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023, mai shayin bakin tasha ya ji a jikinsa, burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa ya haura.

Masarar Dandume a cikin kwali

Labarin farantin Amurka a wurinmu ya saɓa da wannan, domin kayan haɗinsa a gonarmu suke. Masara asalinta daga nahiyar Amurka ne, ko da yake masana harshe suna danganta sunanta na Hausa da ƙasar Masar. A da ɗan abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Abin da ya sauya matsayinta a kudancin Katsina shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975 zuwa 1980, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen iri da hanyoyin karkara, cibiyar binciken noma ta Samaru kuma ta ci gaba da fito da sababbin iri. Cikin 'yan shekaru masara ta ture dawa da auduga a gonaki da yawa daga Malumfashi zuwa Bakori da Ɗanja, kasuwar Dandume kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Arewa, inda tireloli suke lodi zuwa sassan ƙasar nan.

Masarar da take barin wannan yanki, wata takan tafi tuwo, mai yawa kuma takan tafi masana'antun abincin kaji, irin wadda Olam ya buɗe a jihar Kaduna a 2017. Wato ƙwan da mai shayi yake soyawa ma masara ce ta sake kama. Masu sarrafa abincin kwali su ma da hatsin Arewa suka dogara: NASCO na Jos yana yin Corn Flakes, Nestlé yana yin Golden Morn da masara da waken soya, Kellogg kansa ya haɗa gwiwa da Tolaram a 2015 suka kafa masana'anta a Legas. Tun bayan hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa ta shiga cikin garin koko mai cakulan da ake zubawa a shayi.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya ɗauki alƙalami. Kwalin da bai wuce rabin kilo ba, kuɗinsa sau da yawa ya isa ya sayi tiya guda ta masara ko fiye a Dandume. Ratar da take tsakani ita ce ladan niƙa da gashi da kwali da talla da dako, kuma kusan dukkanta a wajen Katsina take tsayawa. Manomi shi ne ya sayi taki da tsada, shi ne ya yi noma cikin fargabar 'yan bindigar da suka addabi Dandume da Sabuwa da Faskari, amma shi ne mai ƙaramin kaso. Sau da yawa ma manyan kamfanoni sukan ƙi karɓar masarar da aka shanya a ƙasa ko aka zuba a buhu da sauran danshi, saboda funfunar da take haifar da dafin afulatoksin mai cutar da hanta. Tsabtar shanya da kyakkyawan sito su ne ƙofar farashi mai kyau.

Ina aka bar koko da ƙosai?

Idan aka auna da ma'aunin gina jiki, karin kumallon gargajiya ba shi da abin kunya. Koko ko kunun tsamiya da ƙosai haɗi ne na hatsi da wake, kowanne yana cike giɓin ɗan uwansa, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake. Waina da miyar taushe, da ɗanwake, da fate, da fura da nono, da ɗumamen tuwo, duk daga gonar gida suke, ba su jiran dala. Abin da ya ba shayi da burodi da taliyar Indomie galaba shi ne lokaci. Koko sai an jiƙa, an kai niƙa, an tace, an dama. Ƙosai sai an surfa wake an markaɗa. Ma'aikaciyar da za ta shirya yara ta isa ofis ƙarfe takwas ba ta da wannan sarari. Dalilin da ya sa leburan Ingila ya rungumi shayi, matar aure ta Amurka ta rungumi kwali, shi ne dai yake aiki a Funtuwa da Kano a yau.

Mata da dama sun riga sun gane haka, suna ƙulla garin kunu da garin ɗanwake da busasshiyar gasara a leda suna sayarwa a unguwanni da shafukan intanet. Abin da ya rage shi ne jari da injin busarwa da rajistar hukumar NAFDAC da wutar lantarki mai ɗorewa, domin sana'ar ta tashi daga tsakar gida ta koma masana'anta kusa da inda hatsin yake. Tashar tsandauri ta Funtuwa tana nan, Hausawa mazauna Accra da Jidda da Landan kuma suna begen kunun gida. Ingila da Amurka kowacce ta riƙe karin kumallonta ta mayar da shi haja har cikin teku. Masu kuɗin kudancin Katsina da gwamnatin jihar su ne za su yanke shawara ko masarar Dandume za ta ci gaba da fita a buhu tana dawowa a kwali, ko kuwa za a fara ɗura ta a kwalin tun daga gida.